RA'AYI: Rumfar wuta a kan rana, da fayil ɗin da ya rasa tebur a Abuja

Daren Juma'a, 10 ga Mayu, 2024, ina bakin aiki a teburin tace labarai sa'ad da hotuna suka fara kwararowa daga kamfanonin dillancin labarai na ƙetare. Sama ta rine ja da kore da shunayya a Ingila da Jamus da Amurka, har a garuruwan da tsofaffinsu ba su taɓa ganin irin haka ba. Na zaɓi hoton da ya fi ɗaukar ido, na rubuta masa layi biyu, na tura shi ƙasan shafi, inda ake ajiye labarin da ba ya hana kowa barci. A ganina a lokacin, shagalin mutanen ƙasashen sanyi ne.

Ranar Lahadi na je gida Keffi. Na tarar da ƙanen mahaifina a zaure, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne da ya yi ritaya, rediyonsa na gefen tabarma kamar kullum. Har yau a gajeren zango yake kama tashoshin Hausa na ƙetare, ya ce sauraro ta waya na yara ne.

"Kai da kake cikin 'yan jarida, me ya sami gidajen rediyo kwanan nan? Shuuu kawai nake ji."

"Baffa, ƙila batir ne ya yi sanyi."

"Jiya na sa sabo. Sama ce dai ba ta da lafiya."

Na yi dariya, muka shiga wata hirar. Sai da na koma Abuja na zauna na yi karatu, sannan na gane cewa maganar Baffa ta fi layi biyun da na rubuta kusa da gaskiya. Abin da ya rina saman Turai a wannan dare guguwar maganaɗisu ce daga rana, wadda ba a ga mai ƙarfinta ba tun watan Oktoban 2003, kuma gajeren zango na cikin abubuwan farko da irin wannan tashin hankali kan taɓa. Samanmu ba ta yi ja ba, amma ta ji a jikinta.

Turanci na karanta a jami'a, kuma sana'ata gyaran kalmomin wasu ce, saboda haka bari in fara da kalmomi. Faifan rana da muke gani yana da zafin kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas. A kewaye da shi akwai wata siririyar iska mai zafin sama da digiri miliyan ɗaya, wadda masana ke kira korona, wato kambi. Daga nan cutar da ta rufe mana ofisoshi a 2020 ta samo suna, domin ƙwayarta ta yi wa masu bincike kama da wannan kambi. Ni rawanin rana nake ce masa. Ido ba ya ganinsa sai ranar da wata ya rufe faifan ruf. Mutanen Gusau da Katsina sun gan shi da hantsin Laraba 29 ga Maris, 2006. Mu a Keffi, muna 'yan sakandare, rana ta dai zama kamar lauje, gari ya yi duhu-duhu, manya suka nufi masallaci.

Wannan rawani saƙar igiyoyin maganaɗisu ne. Rana ba dunƙulen dutse ba ce: tsakiyarta kan kammala juyi cikin kwana 25, can wajen ƙuryoyinta kuwa sai kusan kwana 35. Wannan bambanci da tafasar da ke cikinta su ke murɗa igiyoyin, kamar yadda ake murɗa igiyar guga har ta fara ƙulla kanta. Inda murɗin ya yi tsanani nan baƙaƙen tabo ke fitowa a fuskar rana. Ranar da igiyoyin suka gaza, sai su tsinke su sake haɗuwa ta wata fuskar, ƙarfin da ya taru ya fita cikin mintuna. Wannan ita ce walƙiyar rana. Sau da yawa takan zo tare da wani abu da ya fi ta nauyi: rana ta yi aman wani curin iska mai caji, mai nauyin tan biliyoyi, ya fantsama cikin sarari da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, wani lokaci ya haura dubu biyu.

Walƙiyar ce ke samun kanun labarai. Abin da ke biyo bayanta shi nake so mai karatu ya tsaya a kansa.

Idan curin ya ɓalle, yakan yage igiyoyin da ke danne shi, ya bar su a buɗe. Rana ba ta barinsu haka. Igiyoyin kan fara ɗinkewa biyu-biyu, daga ƙasa zuwa sama, kuma duk biyun da suka haɗu sai su zama baka guda mai ƙafa biyu a jikin rana. Zafin haɗuwar kan gangara ƙafafun, ya tafasa iskar da ke ƙasa, ita kuma ta hau ta cika bakan da zafin da ya wuce digiri miliyan 10. Baka na farko na hucewa, wani na tsayuwa a samansa, wani kuma a gefensa, har su jeru reras. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ga bakan gizon da magina suka ɗaura da azara da laka, to ya san siffar. Bambancin shi ne wannan rumfa ta wuta ce, tsayinta kan kai kilomita dubu 100, wato a jera duniyarmu bakwai ko takwas a ƙarƙashinta, kuma maginin ba ya tsayawa sai bayan awanni, wani lokaci yini da kwana. Mai kallo zai ɗauka rumfar ce ke miƙewa. A zahiri sababbin baka ne ke hawa kan tsofaffi, ƙafafunsu na ƙara nisa da juna, tsofaffin kuma idan sun huce sai iskar cikinsu ta daskare ta zubo ta ƙafa biyun kamar yayyafi. Tauraron SDO na Amurka ya ɗauki wannan yayyafi ranar 19 ga Yuli, 2012, kuma ban san wani hoton kimiyya da ya fi shi sa mutum yin shiru ba.

An daɗe kafin a gane wannan gini. Mafi yawansa sai da hasken eksire ake ganinsa, shi kuwa iskar duniyarmu tana tare shi, saboda haka sai da aka fita waje. 'Yan sama jannatin tashar Skylab sun kawo hotunansa a 1973 da 1974. A 1980 masanin nan ɗan asalin ƙasar Cek, Zdenek Svestka, da abokan aikinsa suka gano wasu manya-manyan baka da ke tsayuwa can sama da rumfar da aka saba gani, suna daɗewa awanni masu yawa bayan walƙiya ta mutu. Tauraron Yohkoh na Japan, wanda aka harba a 1991, ya nuna baka mai tsinin kai ranar 21 ga Fabrairu, 1992, kuma wannan tsini ne ya gamsar da masana da dama cewa lallai a can saman ake ɗinkin.

Ga dalilin da ya sa wannan ya wuce abin kallo. Ranar 14 ga Afrilu, 1994, Yohkoh ya ga wata ƙatuwar rumfa ta tsaya a kudancin rana, ba tare da wata walƙiyar a zo a gani ba. Bayan kwana uku guguwa mai tsanani ta bugi duniya. A watan Oktoban 2014 kuma aka ga akasin haka: tabon da ya fi kowane girma cikin shekara 24 ya yi walƙiya shida masu daraja ta ƙoli, amma bai yi wani aman kirki ba, duniya ta kwana lafiya. Walƙiya kan yi ƙarar da ta fi ta. Rumfar da ke ci gaba da hawa awa bayan awa ita ce shaidar cewa wani abu ya ɓalle ya kama hanya. Wurin da ta tsaya a fuskar rana yana nuna ko mu aka nufa, kwanciyarta kuma tana taimaka wa masana su kintaci inda maganaɗisun curin ya fuskanta, wanda shi ne ke raba guguwar da za ta wuce salin-alin da wadda za ta yi ɓarna.

Sai lissafin lokaci, wanda duk ma'aikacin da ya taɓa bin takarda daga tebur zuwa tebur zai fahimta. Hasken walƙiya kan iso mana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, babu gargaɗin da ke riga shi, kuma shi ke kashe gajeren zango nan take a ɓangaren duniyar da ke da rana. Curin kuwa tafiyar kwana ɗaya zuwa uku ce. Na 1859, wanda ya sa wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, ya iso cikin ƙasa da awa 18. Akwai taurarin ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi a kan hanyar, su ke ɗanɗana curin su aiko da tabbacin ƙarshe, minti 15 zuwa awa guda kafin ya buga. Wato tsakanin tsayuwar rumfa da isowar guguwa akwai yini ɗaya ko biyu na shiri. Ambaliya ba kullum take ba da wannan sarari ba. Girgizar ƙasa ba ta taɓa bayarwa.

To ina ruwan Keffi?

An saba cewa wannan damuwar Kanada ce da Norwe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin can ne igiyoyin maganaɗisun duniya ke nutsewa cikin ƙasa. Amma mu ma muna zaune a wani wuri na musamman. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, inda allurar kamfas ke kwanciya sambal ba ta sunkuya ba, ya ratsa Najeriya ne ɗan arewa da Abuja. A saman wannan layi, a tsayin kimanin kilomita 100, akwai wani kogin lantarki da ke gudana gabas kowace rana, faɗinsa ɗaruruwan kilomita, kuma Keffi da Abuja duk suna ƙarƙashinsa. Ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta fi sani a binciken wannan kogi ɗan Najeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya fara aunonsa a Ibadan tun shekarun 1950, ya shugabanci Jami'ar Ife daga baya, ya kuma wallafa littafi sukutum a kansa a 1997. Ina shakkar ko cikin hadimai goma da ke rubuta wa ministoci jawabin ranar kimiyya za a sami biyu da suka san sunansa.

Wannan matsayi yana da farashi. Bayan faɗuwar rana, rufin sama mai caji da ake kira ayonosfiya kan yi kumfa a yankinmu, wasu ramuka su buɗe a cikinsa, saƙon da ke saukowa daga taurarin GPS ya riƙa rawa kamar hasken fitila a cikin ruwa. Ko babu guguwa hakan na faruwa, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, a shekarun da rana ke kan ganiyarta. Guguwa kan hargitsa jadawalin: ta hana kumfar a daren da ake jiranta, ko ta tayar da ita a lokacin da ba a zata ba. Sakamakon shi ne na'ura ta yi kuskuren mitoci, ko ta rasa taurarin gaba ɗaya.

Mita nawa ne faɗin fuloti? Duk ma'aikacin da ya tara kuɗin adashi ya sayi fili a Masaka ko Auta Balefi ko bayan garin Keffi ya san cewa taku biyar kan kai maƙwabta kotu. Iyakokin filayen nan yanzu lambobi ne da safiyo ya ɗauka da na'urar GPS, su ake shigarwa cikin takardar mallaka. A mako na biyu na Mayun 2024 manoma a tsakiyar Amurka sun ajiye taraktocinsu ana tsakiyar shuka, saboda na'urar da ke jan layi ta rikice. Su sun gane nan take domin layin shuka ya karkace a gaban idonsu. Lambar da ta karkace a cikin fayil kuwa sai bayan shekara goma, ranar da wani ya zo zuba harsashi. Na taɓa tambayar wani safiyo da ya auna wa wani abokina fili ko yakan duba halin da sama ke ciki kafin ya fita. Ya ɗaga kai ya ce, "Ai Malam, garau take, babu ko gajimare." Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya taɓa aiko masa da sanarwar da za ta sa ya san akwai wata sama bayan wannan.

Jiragen da ke sauka a filin Nnamdi Azikiwe suna ƙara dogaro da taurari wajen bin hanya, kuma idan suka ratsa Sahara ko Tekun Atalantika gajeren zango na cikin abin da ke haɗa su da ƙasa. Shi ya sa tun watan Nuwamban 2019 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fara raba wa matuƙa gargaɗin yanayin sararin samaniya kamar yadda ake ba su na hadari. Turakun sadarwar waya da dama daga GPS suke saita agogonsu. A watan Fabrairun 2022 wata guguwa da ba ta ma kai ta kawo ba ta kumbura iskar sama, ta janyo 38 daga cikin sababbin taurari 49 na Starlink suka faɗo. Kamfanin ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma yau faifansa na kan rufin ofisoshi da yawa.

Batun lantarki na buƙatar taka-tsantsan, domin na san halinmu. Guguwar maganaɗisu kan cusa wata baƙuwar wuta cikin dogayen layuka, ta bi ta cikin manyan taransifoma ta dafa su. Ranar 13 ga Maris, 1989, lardin Kwibek na Kanada ya faɗa duhu cikin ƙasa da minti biyu, mutum miliyan shida suka yi awa tara babu wuta. Bayan guguwar Oktoban 2003 manyan taransifoma da dama sun lalace a Afirka ta Kudu, masu bincike a Jami'ar Cape Town suka danganta abin da ita, alhali ana ɗaukar ƙasar a matsayin wadda ke nesa da haɗari. Wani bincike da Brett Carter da abokansa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa kogin lantarkin da ke samanmu kan ninka bugun farko na irin wannan curi a ƙasashen da ke ƙarƙashinsa. Duk da haka, kada wani kakaki ya karanta wannan ya sami sabon uzuri. Faɗuwar babban layinmu sau da dama a 2024 aikin duniya ne: tsufan kaya, ƙarancin gas, masu sare turaku. Duhun da Arewa ta shiga fiye da mako guda a Oktoban wannan shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, babu hannun rana a ciki. Abin da ya koya mana shi ne yadda rashin layi biyu kacal ke tsayar da injin niƙa da firjin asibiti a jihohi fiye da goma. Turken da aka sare ana ɗaga shi cikin makonni. Babbar taransifomar da ta ƙone daga ciki sai an yi odarta daga waje, da dala, a jira watanni masu yawa. Mai rauni ake ji wa tsoron tuntuɓe.

Haka ma NigComSat-1, wanda aka harba a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008: matsalar fukafukinsa masu tara hasken rana ce, kuma a lokacin rana na cikin barcinta mafi nauyi. Wanda ya maye gurbinsa, NigComSat-1R, ya tashi a Disamban 2011 da wa'adin shekara 15, wato ƙarshen 2026. Duk wanda zai sa hannu a takardar sayen magajinsa ya kamata ya san irin saman da zai tura dukiyar jama'a cikinta.

Na san abin da wani darakta zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar masara da bashin 'yan fansho, ina ta ga sukunin leƙen rana? Kuma tun da cibiyar hasashen Amurka da ke jihar Kolorado na sakin gargaɗinta kyauta a intanet, hotunan SDO ma kyauta ne, me za mu kashe wa kuɗi?

Rabin wannan magana daidai ne, kuma shi ne rabin da ya kamata ya kwantar wa ma'aikatar kuɗi da hankali. Ba ma buƙatar harba tauraron kallon rana. Duk wanda ya kawo wannan shawara, a duba aljihunsa, akwai kwangila a ciki. Rumfar wuta iri ɗaya ce ko daga Kolorado aka kalle ta ko daga Keffi. Abu biyu ne ba za a aiko mana daga waje ba. Na farko, awon samanmu. Gargaɗin Amurka zai ce guguwa na tafe, amma ba zai ce ga abin da za ta yi wa GPS a kan hanyar Akwanga da ƙarfe takwas na dare ba, domin Afirka na cikin yankunan da suka fi ƙarancin na'urorin awo a duniya, kuma lissafin da ba a ciyar da shi da awonmu ba kintace ne a kanmu. Na biyu, mutumin da zai ɗauki gargaɗin ya kai shi inda za a yi aiki da shi.

Masanan muna da su. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken iskar sama a Anyigba ta jihar Kogi, kuma yanayin sararin samaniya na cikin aikinta. Farfesa Babatunde Rabiu, wanda ya daɗe yana jagorantarta, sananne ne a wannan fage har a ƙetare. Jami'ar Kyushu ta Japan ta girka ma'aunan maganaɗisu a Abuja da Ilorin da Legas. Ofishin Safiyo Janar na Tarayya yana da tashoshin GPS na dindindin a sassan ƙasa. Matsalar ita ce wadda mai karatu ya fi ni sani. NASRDA na ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya. NIGCOMSAT na ƙarƙashin ta sadarwa. NiMet da NAMA na ƙarƙashin ta sufurin jiragen sama. Layin lantarki na ƙarƙashin ta wuta, ɗakin da ake juya shi kuma yana Osogbo. Ma'aikatu huɗu ke nan, ban ma ambaci ta tsaro ba. Fayil ɗin da ya shafi ma'aikatu huɗu kan tsufa a hanya, kowane tebur ya rubuta masa "a duba a ba da shawara" ya tura gaba. Cikin dubban sanarwar manema labarai da suka bi ta hannuna a shekarun da na yi a wannan aiki, na ga na ambaliya, na ga na zafi, na ga na ƙurar hunturu. Ban tuna ko ɗaya da ta ce wa safiyo ko matuƙi ko injiniyan lantarki ya yi hattara gobe saboda rana ba.

Afirka ta Kudu ta warware nata da abu mai sauƙin faɗa: ɗaki guda a garin Hermanus, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022, da ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana, ICAO kuma ta amince da shi a matsayin cibiyar yanki. Abin da nake nema bai ma kai wannan ba a matakin farko. A sami takarda guda, mai sa hannun manyan sakatarorin da abin ya shafa, da ta faɗi wa ke fitar da gargaɗi, wa ke karɓa a Osogbo da hasumiyar filin jirgi da ɗakin juya tauraro, da abin da kowannensu zai yi idan aka kai mataki kaza. NiMet ta riga ta iya isar da hasashen damina ga manoma, har da fassarar Hausa. Bututun yana nan, ruwan ne ba a zuba ba. Sannan a sa layi a kasafi, na gudanarwa ba na sayayya ba. Ma'aunin maganaɗisu da na'urar auna rawar GPS, a haɗe, ba su kai kuɗin jif guda ta ayarin babban jami'i ba. Abin da ke kashe su bayan an yanke ƙyalle shi ne batirin sola da ya mutu, kuɗin intanet da ya ƙare, da ma'aikacin da aka daina biya alawus. Awon da ya yanke wata shida a tsakiya ya rage daraja ƙwarai, domin guguwar da ake jira tana iya faɗowa cikin giɓin.

A nan ne nake ganin Keffi na da rawar takawa, kuma na yarda son gida na ciki. Jami'ar Jihar Nasarawa na da sashen fiziks da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Garin na ƙarƙashin kogin lantarkin nan. Yana da filin da za a binne ma'auni nesa da hayaniyar ƙarafa da janaretocin birni, abin da na'urar ke buƙata, kuma tafiyar awa guda ce daga Abuja idan hanya ta yi kyau, saboda haka injiniya zai iya zuwa gyara ya koma a yini ba tare da an rubuta masa kuɗin kwana ba. Tsakanin Mararaba da Keffi kuwa ana yanka filaye ana aunawa kullum, wato masu amfana da awon suna bakin ƙofa. Idan aka ɗaura tashar Keffi da Anyigba, aka ba ɗalibai biyu ko uku tallafin karatu da sharaɗin kula da ita, an sami awo da magada a kuɗi ɗaya. Idan wani ya ce Lafiya ko Zariya ta fi dacewa, ba zan yi faɗa ba, in dai za a yi.

Wani zai ce an makara, tun da a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka sanar cewa zagayen rana na 25, wanda ya fara a Disamban 2019, ya kai ganiyarsa, daga nan kuma sai gangara. Tarihi bai goyi bayan wannan natsuwa ba. Guguwar Oktoban 2003 ta zo ne shekaru bayan ganiyar zagayenta. Walƙiyar 10 ga Satumba, 2017, wadda ta gina ɗaya daga cikin rumfunan da aka fi nazari a kansu, ta zo ana dab da ƙarshen zagaye, kuma a wannan makon gajeren zango ya yi ta ɗaukewa a tsibiran Karebiyan daidai lokacin da masu agajin mahaukaciyar guguwar Irma suka fi buƙatarsa. Zagayen kan ɗauki kimanin shekara 11, wato wa'adin gwamnati kusan uku, shi ya sa ba ya shiga lissafin kowace.

Na koma na duba jadawalin makon da Baffa ya yi ƙorafi. Tun ranar Laraba 8 ga Mayu tabon ya fara jero walƙiya da amai, masu kallo na ganin rumfa na tsayuwa bayan rumfa. Ranar Alhamis 9 ga wata cibiyar Kolorado ta fitar da gargaɗin guguwa mai tsanani, irin wanda rabonta da fitarwa tun Janairun 2005. Ranar aiki ce, kowa na ofis. Curin farko ya bugi duniya ranar Juma'a wajen ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya, lokacin da an kulle ofisoshin Sakatariyar Tarayya, rabin masu karanta wannan shafi kuma suna cikin cunkoson Nyanya da Mararaba, sun nufi Keffi.